Kawunan Raguna Biyu

Shekara hamsin da ɗaya na yi ina fawa, saboda haka in dai maganar kitse ce, ba ni da malami a garin nan. Bijimi ya taɓa ɗaga ni da ƙaho ya maka ni da bango, na tashi na karkaɗe riga, kuma da hannuna na yanka shi kafin azahar. Gobarar kasuwa ta rutsa da ni a cikin rumfa, na fito da sikelina a kafaɗa. Motar shanu ta kife da mu, mu goma sha ɗaya, ni kaɗai na koma gida da ƙafata. Daga nan abokan sana'a suka laƙaba mini Ƙi-Faɗi, har sunan ya danne na yanka. Ban taɓa zama a aji ba. Ɗan karatun da nake da shi a jikin motoci da allunan shaguna na tsince shi, kuma ya ishe ni. Na kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka abin da zan faɗa aikin wawa ne. Har yau ban gama gane inda na kauce ba, in ma na kauce.

Matata ce ta fara rikicewa. Shekara arba'in da shida muna tare, ko allura ba ta taɓa ɓace mata ba. Sai ga mukullin ɗaki a cikin tukunya. Sai ta tambaye ni ko na ci abinci, in ce na ci, kafin in ajiye buta ta sake tambaya. Wata rana ta ɗora ruwa a wuta ta fita ƙofar gida tana jiran yayarta, wadda muka binne shekara tara da suka wuce. Maƙwabta suka ce gigin tsufa ne. Na ce wane irin tsufa, ni da na girme ta da shekara goma, kuma har gobe in ka nuna mini fatar sa zan gaya maka hannun wanda ya feɗe ta?

Autarmu malamar makaranta ce a wani gari, tafiyar awa uku a mota, can take aure. Ita ta zo ta kwashe mu zuwa asibiti. Aka ɗebi jinin uwarta, aka tura ta cikin wata na'ura mai kama da bututu, bayan kwana biyu muka koma wurin likita.

Likitar yarinya ce, ba ta ma kai Auta ba. Ta juyo da allon da ke kan teburinta, sai ga hoton cikin kan matata, fari da baƙi. Tun kafin ta buɗe baki na gane abin da nake kallo. Na fasa kai ya fi dubu.

Na ce, "Wannan ba ta cika ƙoƙonta ba. Dubi nan, dubi nan. Lafiyayya manne take da ƙashi, ko wuƙa da ƙyar take shiga. Wannan kuwa ga fili kamar gyaɗa ta bushe a cikin ɓawo."

Likita ta dube ni ta saman tabarau. "Baba, aikin asibiti ka yi?"

"'Yar nan, ƙwaƙwalwar da na riƙe a tafin hannuna ta fi wadda kika gani a hoto."

Ta yi dariya, ta ce gaskiyata, ƙwaƙwalwar ta motse, kuma motsewar ce ke kawo mantuwar. Sannan ta faɗi maganar da ta tsaya mini. Ta ce in aka cire ruwa, fiye da rabin ƙwaƙwalwar mutum kitse ne, kuma masu bincike suna ganin akwai alaƙa tsakanin yadda jiki ke sarrafa kitse da irin wannan motsewa. Na gyaɗa kai, don wannan na san shi tun ba a haifi uwarta ba. Duk wanda ya taɓa matse ƙwaƙwalwa tsakanin yatsu ya san maiƙo ce. Ina jiran ta ce a ƙara wa mara lafiya kitse, sai na ji ta ce da Auta, "Kitsen jininta ya ɗan hau. A rage mata maiƙo, ta riƙa takawa kullum da yamma, ga kuma ƙwayar da za ta riƙa sha."

Na ce, "Tsaya, likita. Kin ce abin kitse ne."

"E, Baba."

"Kin ce ya ragu."

"Haka ne."

"To kuma a rage?"

"Ai ba iri ɗaya ba ne, Baba. Na jini daban..." Sai aka turo ƙofa aka ce ana neman ta da gaggawa. Auta ta dafa gwiwata ta ce, "Baba, zan yi maka bayani a gida."

Bayanin da ta yi mini a gida takarda ce ta manna a ƙofar kicin: ban da soye-soye, ban da kitse, ban da man shanu, kifi da ganye da wake, tafiya minti talatin. Da ta gama mannawa ta zauna a gabana, ta sunkuyar da kai yadda take yi in za ta faɗi abin da ba zai yi daɗi ba.

"Baba, sati shida likita ta ba mu. In muka koma aka ga jikin Inna yana nan yadda yake, ko ya yi sauƙi, sai ta ci gaba da zama a ɗakinta. In kuwa ya ƙara lalacewa, zan tafi da ita."

"Ki tafi da ita ina?"

"Gidana. Akwai ɗaki, akwai mai taya ni."

"Ni kuma na mutu ke nan?"

"Allah ya ja da ranka, Baba. Amma ranar nan fa da tukunyar ta ƙone, kana kasuwa."

Na ce ta je, sati shida ya yi mini yawa. Matar da na ɗauko da ƙuruciyarta ba za a ɗauke ta daga hannuna kamar kayan aro ba.

Da motarta ta tashi na fita na zauna a benci gaban shagon tela. Shagonsa jikin gidana yake, sa'ana ne, kuma shekara talatin ke nan ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba. Na zayyana masa duk yadda aka yi.

"To ka bi takarda mana," in ji shi, ƙafarsa na kan keken ɗinki.

"Kai in riga ta yi wa mutum kaɗan, yadi kake ƙarawa ko ragewa kake yi?"

"Matarka riga ce?"

"Amsa mini."

"Ƙarawa."

"To! Ka dube ni nan. Tun ina ɗan shekara goma sha biyar nake karya kumallo da tozo. Ɓargo nake tsotsa kamar alewa. Akwai abin da na taɓa mantawa? Ita kuwa, tun tana amarya in ta ga ɗigon kitse a nama sai ta tsince ta tura mini gefen kwano. Shekara arba'in da shida ina cinye rabonta. Yau wa ya rikice, ni ko ita?"

Tela ya tsayar da keke ya ciji zare. "In ka tambaye ni, ku biyu ne."

"Ai ban tambaye ka ba."

Amma maganar da na faɗa da bakina ita ta zauna mini a ƙirji. Ashe ni na cinye mata? Duk loma ɗaya da ta turo mini, daga kanta aka ɗebe? In haka ne kuwa, gyaran a hannuna yake, kuma ba a garin nan wanda ya fi ni iya shi. Kafin in bar sana'a, ramammen rago nake saye, wanda ake ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, in ɗaure shi a turke, cikin kwana arba'in mai shi ya zo ya taya bai gane shi ba. Kwana arba'in, sati shida. Na ce wannan ai lissafin ma ya zo daidai da hannuna.

Washegari na tafi wurin Guntu. Shi ya gaji teburina a kasuwa. Yarona ne a da, yanzu shi ma gemunsa ya yi fari, amma in ya gan ni sai ya miƙe.

"Maigida, yau kai da kanka?"

"Kullum da safe ka ajiye mini kitsen ƙoda, mai tauri, fari. Da ƙashin cinya biyu, kada a fasa. In an samu tozo, nawa ne."

"Baƙi aka yi?"

"Magani zan haɗa."

"Maganin me?"

"Da na koya maka feɗe akuya, tambaya ka yi ko kallo?"

Ya naɗe mini.

Ga ka'idar turke, ga wanda bai sani ba. Na ɗaya, abinci kaɗan-kaɗan amma ba yankewa. Na biyu, ɗan gishiri, don a sha ruwa a ƙara ci. Na uku, kuma shi ne babba, ba yawo. Dabbar da ke yawo a ƙafa take zubar da abin da ta ci. Wannan ne ya sa da na ga takardar Auta ta ce tafiya minti talatin, na san wanda ya rubuta bai taɓa kiwo ba. Ta ina za a cika tulu ana huda gindinsa?

Kada a ce na ɗaure matata. Ban ɗaure ta ba. Kujera mai taushi na jawo mata bakin taga, na sa mata matashi biyu, na kunna mata rediyo, na saya wa ƙofar waje sakata ta sama wadda hannunta ba ya kaiwa. In ta miƙe sai in ce, "Ina za ki? Zauna, ni zan kawo." Na narka kitsen na tace shi a gwangwani, in zuba cokali biyu a romo, cokali ɗaya a shinkafa. Ɓargon kuwa a burodi nake shafa mata. Ranar farko ta yamutsa fuska.

"Malam, wannan abin yana kama mini dasashi."

"Magani ne."

"Wa ba shi da lafiya?"

"Ni ne. Taya ni sha."

"Allah sarki," in ji ta, ta buɗe baki.

Ƙwayar likita kuwa ina ba ta, ban taɓa tsallakewa ba, don ni ba na raina ilimin kowa. Sai dai abin ya riƙa ɗaure mini kai: ƙwaya tana rage kitse, ni ina ƙarawa. Sai na ce wataƙila ita tana kwashe marar kyau ne, nawa mai kyau yana shiga. Wata rana kuma in ce a'a, faɗa suke yi a cikinta. Sai in ƙara rabin cokali don nawa ya yi rinjaye.

Kowace safiya ina auna ta yadda na saba. Mahauci ba ya tambayar sikeli ƙibar dabba, hannu yake sawa. In kama damtsenta in ɗan matsa, in shafa bayan wuyanta. Sati na biyu fata ta fara sheƙi. Sati na uku zobenta ya daina juyawa a yatsa. Auta tana bugo waya kullum da yamma, don jarrabawa ta hana ta zuwa.

"Baba, kun yi tafiyar yau?"

"Mun yi abin da ya kamata."

"Me ta ci?"

"Ta ci da kyau. Da kin ga kumatunta."

Ban yi mata ƙarya ba ko sau ɗaya. A bincika.

A cikin sati na ukun nan ne, wata Laraba da hantsi, ina wanke kwanuka, sai na ji ta daga bakin taga ta ce, "Malam, wai ka tuna ranar da ka shigo da kan sa a cikin buhu, Auta ta buɗe ta ƙwalla ihu har ta yi fitsari a wando?" Ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Shekara talatin da wani abu da faruwar abin, ta faɗi launin buhun, ta faɗi wanda ya rako ni. Kwano ya suɓuce mini. Na fita ko hannu ban goge ba.

"Tela! Fito ka ga aikin jahili!"

"Me ya faru?"

"Ta dawo! Kwana goma sha tara kacal!"

Ya biyo ni har ɗaki. Ya ce, "Sannu, maƙwabciya, ya jiki?" Ta dube shi sama da ƙasa, ta juyo ta ce da ni, "Bawan Allah, wannan ɗan'uwanka ne? Ku zauna, maigidan ya kusa dawowa."

Tela ya juyo ya dube ni. Ni na ce masa haka magani yake, yana shiga yana fita kafin ya zauna.

Daga nan abin ya ƙi tafiya yadda na tsara. Jiki yana cika, wannan ba gardama, ko makaho ya taɓa ya san an yi kiwo. Amma sai barci da rana, sai ƙafafu suka fara kumbura, daga kujera zuwa banɗaki sai ta tsaya ta dafa bango tana haki. Da la'asar kuma, lokacin da a da take zaga unguwa gaishe-gaishe, sai ta je ta tsaya a ƙofar waje tana jijjiga ta.

"A buɗe mini, zan tafi gida."

"Ai nan ne gida."

"Kai dai buɗe. Za a yi mini faɗa."

"Wa zai yi miki faɗa?"

Sai ta tsaya tana neman sunan, ta rasa, ta fashe da kuka. Rago in ya ja igiya ka san yunwa ce ko ƙishirwa. Wannan ban san me zan miƙa mata ba. Ran nan na same ta a tsakar gida, tsakanin ƙofar kicin da ta banɗaki, tana kallon wannan tana kallon waccan, zaninta ya jiƙe. Gidan da ita ta zaɓi inda za a fasa kowace ƙofa.

Na ce ko dai kitsen bai kai can sama ba tukuna? Wataƙila sai ya cika ƙasa sannan ya hau, kamar ruwa a randa. Ko kuwa kitsen sa ne bai dace ba, na rago ake so? Da wannan tunanin na tafi kasuwa ran Litinin ta sati na biyar, na bar tela yana jin motsinta.

Na tarar da wata mata tana ciniki a teburin Guntu. Kan rago take so, ta nace sai na wancan ƙosasshen da ke rataye, wai ƙwaƙwalwarsa za ta fi yawa.

Guntu ya ce, "Hajiya, ɗauki kowanne. Ƙiba a jiki take, ba ta shiga kai. Ga wanda ya koya mini nan tsaye, tambaye shi."

Na ce, "Ni na ce haka?"

"Kai kuwa, Maigida. Har ka ce mai sayen kai don ƙibar rago, kallon kitse yake yi wa rogo."

Maganata ce. Na ji muryata a ciki. Amma na faɗe ta ne a kan raguna, ban taɓa kawo ta kusa da mutum ba. Na bari matar ta tafi, na ce, "Kawo mini kai biyu. Na wancan ƙosasshen, da na mafi rama da aka yanka yau. Su zama sa'annin juna, duba haƙora."

Ya kawo. Na karɓi gatarinsa. Shekara shida rabona da shi, amma sara ɗaya na yi wa kowanne, ƙoƙo ya rabu biyu ba tare da na taɓa abin da ke ciki ba; mahautan da ke kusa har da tafi. Na zaro ƙwaƙwalwar kowanne da yatsa biyu, na ɗora ɗaya a wannan kwanon sikeli, ɗaya a wancan. Sikelina ne na da, wanda na sani kamar tafin hannuna.

Ya yi lilo, ya yi lilo, ya tsaya cak a tsakiya.

"Sikelin nan ka lalata shi."

"Maigida, jiya aka duba shi."

"Kawo wasu biyu."

Na biyun ma haka. In ma akwai rinjaye, na ramammen ne ya ɗan sunkuya, kamar nauyin ƙwayar wake. Rago ɗaya ya sha dusa kwana arba'in har ba ya iya tashi, ɗaya ya yi ta gararamba a bola, ga abin da ke kansu, kamar an auna an raba musu. Na tsaya ina kallo, hannuna duk maiƙo. Guntu ya ce, "Wai maganin wa kake haɗawa ne?" Na ce ya naɗe mini su huɗun, kada a yi asara.

A hanya kaina ya yi ta juyawa. In ƙiba ba ta shiga kai, ina kitsen da na yi kwana talatin ina ɗurawa ya tafi? In ba ta shiga, ashe ba ni na cinye mata ba, wannan da daɗi. To in ba ta shiga, me ya sa likita ta ce akwai alaƙa? Kuma me ya sa a rage abin da ba ya isa wurin? Ranar Larabar nan fa, wa ya kawo mata labarin buhu? Na rasa wanda zan kama, ni ko likita ko rago.

Kwanakin da suka rage, gaskiya, raba ƙafa na yi. Yau in ba ta kifi da ganye, in zare sakata in riƙe hannunta mu taka zuwa bakin titi, ba ma kaiwa sai ta nemi wurin zama. Gobe in farka da tsoron kada in zama na tsayar da magani ana gab da nasara, in koma wa gwangwani. Tela ya ce, "Kai yanzu kiwo kake ko tsere?"

Ranar komawa, Auta ta iso da sassafe. Tana ganin uwarta ta yi turus.

"Baba, me ya sami fuskar Inna?"

"Lafiya ce ta same ta."

A asibiti aka ɗora matata a sikeli, ta ƙaru da kilo shida. Da rago ne da an yi mini kirari. Aka kawo takardar jini. Likita ta faɗa mata kalmomi uku ta ce ta riƙe, bayan ɗan lokaci ta tambaye ta. Wancan zuwan ta kawo biyu, wannan karon ta ce ba a ba ta ajiyar komai ba. Likita ta danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta daɗe tana duba takarda.

"Ana ba ta ƙwayar kuwa?"

"Ko sau ɗaya ban tsallake ba."

"To kitsen jininta ya fi na da. Baba, me take ci?"

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na gyara zama na faɗa musu komai, da kitsen ƙoda, da ɓargo, da kujera, da sakata, har da raguna huɗu. Ban sunkuyar da kai ba, don ba sata na yi ba. Auta ta rufe baki da gyale. Likita kuwa ba ta yi faɗa ba, ta ture takardun gefe.

"Baba, laifina ne da ban ƙarasa maka magana ba ran nan. Abin da sikelinka ya nuna maka gaskiya ne. Ƙwaƙwalwa ba ta jiran kitsen kwano, yawancin nata ita take haɗa kayanta a can ciki, kuma akwai shinge tsakaninta da jini, ba komai ke wucewa ba. Ka san kasuwa. A ce nama yana nan jibge, amma masu dako sun daina kai shi rumfuna, masu shara sun daina kwashe wanda ya lalace. In ka ƙaro mota goma ta nama, ka gyara?"

"Sai dai wari."

"To abin da ake zargi ke nan a irin ciwon Inna. Ba rashin kitse ba ne, yadda ake ɗaukarsa da ajiye shi da kwashe shi ne ya rikice. Wanda ya yi yawa a jini kuma yana iya cushe ƙananan jijiyoyin da ke kai mata abinci. Shi ya sa muka ce a rage, a kuma taka."

"To ni na ƙara motsar da ita?"

"Ba zan ce kai ne ba. Ciwon yana tafiyarsa, ko da an bi takarda. Amma ba zan ce ka taimaka ba. Zaman wuri ɗayan ya fi kitsen damuna."

"Ni fa? Shekara sittin ina cin tozo."

"Kai kam ban sani ba, Baba."

"Ke ma ba ki sani ba?"

"Da yawa ba mu sani ba tukuna. Ana kan nema."

Na so in ji daɗin wannan, ga mai tabarau ta ce ba ta sani ba a gabana. Daɗin bai zo ba. Da ta ce ni ne, da na san abin da zan ɗauka. Da ta ce ba ni ba ne, da na san abin da zan ce wa Auta.

A barandar asibiti Auta ta zaunar da uwarta, ta dawo inda nake. Idonta ya yi ja.

"Sakata, Baba? Inna ka sa wa sakata?"

"Don kada ta zubar da..."

"Na ji. Na san don ita ka yi." Ta share ido. "Ran Asabar zan zo da mota. Akwai ɗaki a waje kusa da nata, in ka yarda ka biyo mu."

"Ni in tare a gidan suruki? In riƙa jiran a ce mini ga abinci? Ba a haifi wanda zai ga wannan ba."

"Shi ke nan, Baba."

Na ce da tela ya zuba ido, ba inda za ta. Ko ta manta sunana, jikinta ya san gidan nan. In an ga ta shiga motar nan to ɗaukar ta aka yi. Ran Asabar aka fito da akwatinta biyu da rediyo. Auta ta riƙo hannunta. Da suka zo ƙofar waje ta ga a buɗe take, sai fuskarta ta washe, ta ɗaga ƙafa ta tsallake dokin ƙofa da sauri kamar yarinya. Ba wanda ya ja ta. Ta shiga bayan mota ta gyara zaninta, ta ce da direba, "Yawwa, mu je, an daɗe ana jira na." Ni na rufe mata ƙofar. Ta ce, "Na gode, bawan Allah," tana kallon gaba.

Na tsaya har motar ta sha kwana. Daga nan na je na zauna a bencin tela, na ce masa dama shawarata ce, ni na ga ya kamata ta canza iska, kuma ni na umarci Auta ta zo ta ɗauke ta.

Bai ɗago kai daga keke ba. Ya ce, "Motar garinsu ƙarfe bakwai take tashi."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ta ƙofar baya ake shiga tashar yanzu, sun rufe ta gaba."

Wannan ma ban tambaye shi ba.